Uwargida, A San Ƙarfin Aljihu Kafin A Nemi Gida

Zancenmu na yau a kan neman gida ne, ko na haya ko na saye, da yadda za a tsai da kuɗin da za a iya biya tun kafin a fita, sa'an nan a yi ciniki ba tare da an wuce wannan iyaka ba.

Wata za ta ce, to mu mene ne namu a ciki, ai wannan aikin maza ne? Gaskiya ne, samar da muhalli wajibi ne a kan maigida, haka addini ya tanada. Amma wadda za ta wuni a gidan ke ce. Ke za ki yi girki a madafar, ke za ki yi wanki da shanya a tsakar gidan, ke za ki yi fama da yara ran da ruwa ya ɗauke. In kuwa kuɗin haya ya cinye albashi, tukunyarki ce za ta fara ba da shaida, don cefane ake fara ragewa, daga nan sai kuɗin makaranta ya makara, sai cin bashi, sai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Gidaje da yawa sun rasa zaman lafiya saboda an kama gidan da ya fi ƙarfin aljihu. Saboda haka ya kamata uwargida ta san lissafin, ta kuma ba da shawara cikin ladabi tun ba a biya ba.

Zamani ma ya sa dole a yi hattara. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin wannan shekara, siminti da kwano da katako da kuɗin mota duk suka tashi, masu gidaje su ma suka ɗaga haya. A watan Yuli, 2024, an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga naira 30,000. Mai ɗaukar wannan albashi, abin da zai samu a shekara naira 840,000 ke nan, a ciki zai ci, ya sha, ya yi sutura, ya biya makaranta da asibiti, sa'an nan ya biya haya. Kun ga kuwa ba wurin ganganci.

A FARA DA LISSAFI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran wata uku ko huɗu hayar da kuke ciki ta ƙare, ki samu lokacin da maigida ya huta, ku zauna da takarda da alƙalami. Abu na farko, a rubuta abin da ke shigowa kowane wata wanda aka tabbata da shi, watau albashi, ko ribar sana'ar da ta daɗe tana tafiya. Kada a sa kuɗin da ake sa rai, kamar bashin da ake bin wani, ko ƙarin girman da aka yi wa maigida alkawari, ko gudummawar ɗan'uwa. In sun zo, alhamdu lillahi, amma ba a gina haya a kansu.

Shawarata ita ce kuɗin gida kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake samu a shekara. In an matsu ƙwarai a iya matsawa kaɗan, amma da zarar an kai kashi ɗaya cikin uku to an shiga hatsari, musamman a gidan da ke da yara 'yan makaranta.

Bari mu buga misali. A ce abin da ke shigowa gidanku naira 200,000 ne a wata, watau naira 2,400,000 a shekara. Kashi ɗaya cikin huɗu shi ne naira 600,000. To a nan ne mutane da yawa kan yi kuskure, sai su tafi neman gidan naira 600,000, su manta da abubuwan da ke biye da haya. Akwai la'adar dillali, wadda a wurare da yawa kashi goma cikin ɗari ce ta kuɗin hayar shekara. Akwai kuɗin motar kwasar kaya da 'yan dako, da sauya makullai, da ɗan fenti, da gyaran famfo ko wayar wuta, wani wurin har da kuɗin rubuta yarjejeniya. A ce an ware naira 70,000 domin waɗannan ƙananan hidimomi, saura naira 530,000. In aka kama gidan naira 480,000, la'ada ta zama naira 48,000, jimla naira 528,000. Ashe iyakarku ta gaskiya naira 480,000 ce.

Daga nan sai a fitar da lambobi uku a rubuta. Ta farko ita ce iyaka, wadda ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a wuce ta ba, a misalinmu naira 480,000. Ta biyu ita ce inda kuke fatan ciniki ya faɗa, a ce naira 430,000. Ta uku ita ce tayin farko, a ce naira 380,000. Gidajen da za ku je dubawa kuwa su ne waɗanda aka sa wa kuɗi daga naira 400,000 zuwa 520,000, don na saman ana iya saukowa da su ta hanyar ciniki. Gidan da aka ce naira 700,000 kada ma a je ganinsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ya ga tayil da silin mai kyau, duk gidan da aka nuna masa bayan wannan raina shi zai yi, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Akwai wata jarrabawa mai sauƙi. Haya ba ta shekara ɗaya ba ce, baɗi ma za a biya. Raba naira 480,000 gida goma sha biyu, kowane wata naira 40,000 ke nan. Ku gwada ajiye wannan kuɗi wata uku a jere, ko a banki ko a adashi. In kun yi haka ba a taɓa cefane ba, ba a kuma ci bashi ba, to gidan daidai ku ne. In kuwa kun kasa, a sauko da iyakar tun yanzu.

ARAHA BA TA ADO

Kuɗin gida bai tsaya ga abin da aka miƙa wa mai shi ba. A ce an samu gida a bayan gari a naira 350,000, ga wani kusa da wurin aiki da makarantar yara a naira 480,000. Da ji sai a ce na farko ya fi sauƙi. Amma in zama a can zai ƙara muku naira 800 na kuɗin A Daidaita Sahu kowace ranar aiki, kwana 22 a wata naira 17,600 ke nan, a shekara naira 211,200. Haɗa da haya, gidan mai araha ya koma naira 561,200, ban da gajiya da makarar yara.

Haka zancen ruwa yake. Gidan da ba rijiya ba famfo, sai 'yan garuwa. In kuna shan jarka shida a rana, a ce kowace naira 100, a shekara naira 219,000 ce ta tafi. Gida mai rijiya mai kyau ko burtsatse, ko da ya ɗan fi tsada, sau da yawa shi ne mai sauƙin.

Sai wutar lantarki. A tambaya ko akwai mita mai kati, in kuwa ta takarda ce a nemi takardar ƙarshe a gani, kada ku gaji bashin wanda ya tashi. A kuma tambayi rukunin da unguwar take, domin a watan Afrilu, 2024, an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, masu samun awa ashirin a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. In mita ɗaya ce ake rabawa da maƙwabta, a san yadda ake rabon tun kafin a shiga, don wannan na cikin abubuwan da suka fi haddasa rigima a gidan haya.

GANI YA KORI JI

Ko da wakili ne zai yi cinikin, ki roƙi maigida ya kai ki ki ga gidan da idonki. Namiji yakan duba falo da wurin ajiye mota ko babur, ke kuwa abin da za ki duba daban ne. Dubi madafa, akwai tagar fitar hayaƙi? Tsakar gida za ta isa shanya da wasan yara? Katanga ta yi tsawon da za ki sake ba a hango ki daga bene ko daga titi ba? Ina makewayi yake, kuma nisansa da rijiya nawa ne? Ɗaga kai ki dubi silin, tabon ruwa alamar yoyo ce. Dubi gindin bango, in ya yi laima ko fenti yana ɓarewa, to ƙasan wurin tana riƙe ruwa. Fita waje ki ga inda kwata ta nufa, da ko akwai kududdufi kusa.

Wanda ya samu hali ya duba gida da damina, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi. In da rani ne, a dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya. Ambaliyar da aka yi a jihohi da yawa a 2022, da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba, 2024, bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, sun isa su koya mana cewa gidan da ke kan hanyar ruwa ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani.

Kada ki baro unguwar ba ki shiga gida ɗaya ko biyu kin gai da matan ba. Mace ba ta ɓoye wa 'yar'uwarta irin wannan labari. A bakinsu za ki ji nawa wanda ya tashi yake biya, me ya tashe shi, yaya halin mai gidan, ana sata ko ba a yi, wane wata rijiya take ƙafewa. Wannan labari shi ne makamin ciniki, kuma dillali ba zai ba ku shi ba.

YADDA AKE TAYI

Dillali mutum ne mai neman halalinsa, a girmama shi, a kuma biya shi haƙƙinsa. Sai dai a tuna la'adarsa tana ƙaruwa ne in kuɗin gida ya ƙaru. Saboda haka kada a gaya masa iyakarku. In iyakarku 480,000 ce, a ce masa ana neman na wajen 400,000. A kuma yi maganar la'ada tun farko, nawa ce, wa zai biya, kuma ba za a ba da ita ba sai ciniki ya faɗa. A yi ƙoƙari a ga gida uku ko huɗu, domin mai zaɓi shi ke da ƙarfin ciniki, wanda kuwa aka ba shi wa'adin tashi gobe, abin da aka yanka masa shi zai biya.

In gida ya yi miki, ki riƙe a zuci. Kada ki shiga cewa nan za a sa gado, can za a sa kujeru, a gaban dillali. Da ya ga kin ƙwallafa rai, ragi ya ƙare. Ku koma gida ku kwana a kan maganar. In aka ce muku akwai wani da zai kawo kuɗi yau da yamma, ku ce Allah ya sa rabonsa ne. Sau da yawa kafin kwana biyu za a neme ku.

Ran ciniki, a fara da gaisuwa da mutunci, a yabi abin da ya cancanci yabo, sa'an nan a kawo aibobin da aka gani ɗaya bayan ɗaya, tare da kuɗin da gyaransu zai ci. Cewa ƙofar makewayi ta ruɓe, kwano biyu suna yoyo, kafinta ya ce gyaran zai kai kaza, ya fi cewa gidan ya yi tsada kawai. Tayin farko kada ya zama na wulakanci, don in an ce 500,000 ka taya 200,000, mai gida zai ce albarka ya juya, ƙofar magana ta rufe. A taya 380,000, in ya ce albarka a ƙara 30,000, sa'an nan 15,000, sa'an nan 5,000. Ƙarin da yake raguwa shi ke nuna masa cewa an kusa ƙarshen aljihu. Bayan an faɗi kuɗi kuma a yi shiru a bar shi ya yi magana, kada a yi ta ƙari shi bai sauko ba.

In ya tsaya a kan kuɗinsa, akwai sauran abubuwan da za a nema waɗanda su ma kuɗi ne. A nemi a biya sau biyu, rabi yanzu rabi bayan wata shida. A nemi ku yi gyara a cire daga kuɗin haya. A nemi alkawarin ba ƙari har shekara biyu. A nemi lissafin shekara ya fara daga ranar da aka ba ku makulli. Mai gida shi ma yana da abin da yake tsoro, watau ɗan haya mai taurin bashi ko mai ɓarna, da kuma gida ya zauna wata uku ba kowa. In kun kawo wanda zai tsaya muku, ko shaidar mai gidan da kuka bari cewa kuna biya a kan kari, wannan yakan sa ya sassauta.

Duk da haka a kiyaye iyakar addini. Kada a yi ƙarya, kada a ƙaga wa gida aibin da ba shi da shi, kada kuma a shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla, don Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. In an kai iyakarku bai sallama ba, a yi godiya a tashi. Tashin nan shi ne mafi wuya, a nan ne kuma uwargida take da babban aiki. Kada ki zama mai zuga maigida ya ƙara don gidan wance ya fi naku. Ke ce za ki ce masa, “Maigida, mu haƙura, Allah zai ba mu wani.”

A RUBUTA

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. To a yi koyi da wannan a harkar gida. Kada a ba da ko kafin alƙalami sai an tabbata wanda ake magana da shi mai gidan ne ko wakilinsa na gaskiya, domin an sha karɓar kuɗin mutum biyu ko uku a kan gida ɗaya. A biya ta banki in da hali, a karɓi rasit. A cikin takarda a rubuta kuɗin, da ranar farawa da ta ƙarewa, da wanda gyara ke kansa, da wa'adin da za a bayar in za a yi ƙari ko za a tashe ku. A dokar Abuja da ta Legas, mai hayar shekara wa'adin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuwa wata ɗaya, sai fa in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu daban. Dokar haya ta Legas ta 2011 har ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanninta. Kowace jiha da tata dokar, saboda haka abin da kuka rubuta kuka sa hannu shi ne garkuwarku ta farko.

IN SAYE ZA A YI

Duk abin da muka faɗa ya shafi mai saye, sai dai nasa hattarar ta fi yawa. Kada a zuba duk abin da aka mallaka a kuɗin gida. A ware la'ada, da kuɗin takardu, da na gyara, a kuma bar jarin sana'a da abin da zai riƙe gida na 'yan watanni. Wanda ya sayar da jarinsa ya sayi gida, wata rana gidan zai sayar ya ci abinci.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99, kuma sai da amincewarsa ake mai da ita sunan wani. Don haka a kai lambar takardar ofishin ƙasa a bincika kafin a biya, kamar KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a ga ko sunan mai sayarwa ne a kai, ko kuma an jinginar da gidan a banki. Gidan awon igiya ya fi na awon gwamnati araha, amma sai an tabbata ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta yake ba, a kuma sa mai unguwa da maƙwabta su shaida iyakokinsa. In gidan gado ne, a nemi shaidar an raba, ko kuma duk magada su sa hannu, mata da maza. A fiƙihun Malikiyya, wanda ke da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya abin da kuka biya ya karɓi rabon da aka sayar muku.

Ma'aikatan da ake cire musu kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, suna iya neman rance ta Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Wanda yake gudun kuɗin ruwa kuwa, akwai bankunan da ba sa harka da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Kowanne aka zaɓa, abin da za a riƙa biya a wata kada ya wuce iyakar nan da muka tsayar tun farko.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ce na fi so ki riƙe. In kin sayar da gwal ɗinki, ko kin kawo kuɗin gadonki ko na adashi aka haɗa aka sayi gida, a fayyace tun ranar. In kyauta kika yi, Allah ya ba da lada. In rance ne, a rubuta. In kuwa tarayya ce, a sa sunanki da yawan rabonki a takardar ciniki, a gaban shaidu. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, neman a rubuta kuma ba rashin yarda da miji ba ne. Rai a hannun Allah yake. In ta Allah ta kasance ba a rubuta ba, gidan duka zai shiga gado, matar da mijinta ya bar 'ya'ya kuwa tumuni ne rabonta, watau kashi ɗaya cikin takwas, in da kishiyoyi su raba shi tare. Kuɗin da kika zuba sai ki kawo shaida kafin a fitar miki da shi. Takarda guda ɗaya da aka rubuta cikin raha ta ishe ki wannan wahala, ke da marayunki.

Allah ya ba mu muhalli mai albarka da maƙwabta nagari, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.